Nisan tafiyar jirgi tsakanin filaye biyu: tambayoyi da amsoshi, da misalin Kano zuwa Maiduguri

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda fasinjoji, masu sayar da tikiti da ɗaliban da ke shirin shiga makarantar tuƙin jirgi ta Zariya suka fi yawan maimaitawa. An ɗauki filin jirgin Malam Aminu Kano da filin jirgin Maiduguri a matsayin misali, domin kusan suna kan seti ɗaya daga yamma zuwa gabas, lissafinsu bai da wahalar bi.

Kilomita nawa ne daga filin jirgin Kano zuwa na Maiduguri?

Kimanin kilomita 496 ne idan aka ja layi a miƙe daga wannan fili zuwa wancan. A ma'aunin matuƙa, mil 268 ke nan na teku. Hanyar mota kuwa, wadda ta bi ta Wudil, Azare, Potiskum da Damaturu, ta haura kilomita 550.

Sai dai a riƙe cewa 496 ɗin nan shi ne mafi ƙarancin abin da zai yiwu. Babu jirgin fasinja da zai tashi Kano ya sauka Maiduguri a kan wannan adadi daidai, kullum sai ya ɗara. Dalilin hakan na cikin amsar da ta yi magana a kan abin da ke hana jirgi bin layin miƙe.

Me ake nufi da "layin miƙe", alhali duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce?

Ka kifa ƙwarya, ka ɗiga alama biyu a bayanta, ka ja zare tsakaninsu har ya ɗame. Inda zaren ya kwanta shi ne hanya mafi gajarta a kan abin da yake da doro. Masana taswira suna kiran wannan hanya babbar da'ira, saboda da za a ci gaba da jan zaren har ya kewayo, zai raba duniya gida biyu daidai. Duk shafin intanet da ya ba ka nisan filaye biyu, wannan yake lissafawa.

A gajeriyar tafiya irin ta Kano zuwa Maiduguri, babbar da'ira da layin da ka ja da rula a kan taswira kusan abu ɗaya ne. Bambancin yana fitowa ne a doguwar tafiya, musamman can arewacin duniya. Shi ya sa za ka ga jirgin da ya tashi daga Landan zuwa yammacin Amurka ya lanƙwasa ta saman Girinlan a allon da ke gaban kujera, ka zaci zagaye yake yi. Taswirar ce ta baje abin da yake dunƙule.

Me ya sa wani shafi ya ce 496, wani 308, wani kuma 268?

Duk gaskiya suka faɗa, ma'auni ne ya bambanta. Mil iri biyu ne. Akwai mil na tudu, wanda tsofaffin direbobi suka saba da shi, mai mita 1,609. Akwai mil na teku, mai mita 1,852, wanda jiragen ruwa da na sama suke aiki da shi, ana taƙaita shi da NM. Kilomita 496 ta zama mil 308 na tudu, ta zama mil 268 na teku.

Matuƙa ba don gargajiya kawai suka riƙe mil na teku ba. Kowane digiri na latitud, wato ma'aunin nisan wuri zuwa arewa ko kudu daga Ikwaita, layin da ya kewaye tsakiyar duniya, an kasa shi minti 60, kuma minti ɗaya ya yi daidai da kusan mil ɗaya na teku. Wanda ke da taswirar tuƙi a gabansa yana iya auna nisa da layukan da ke gefenta ba tare da ya nemi kalkuleta ba. Gudun jirgi ma da shi ake faɗinsa: mil ɗaya na teku a awa shi ne abin da suke kira not. Tsayi kuma da ƙafa ake ƙirga shi. Saboda haka kafin ka yi gardama da wani a kan lamba, tambaye shi wane mil yake nufi.

Idan ma'aunin ɗaya ne, amma har yanzu akwai saɓanin kilomita biyu ko uku fa?

Wannan ba abin damuwa ba ne. Wasu shafukan suna ɗaukar duniya a matsayin cikakkiyar ƙwallo mai kilomita 6,371 daga tsakiya zuwa doro. Wasu suna aiki da tsarin WGS 84, wanda GPS ke amfani da shi, kuma shi ya yi la'akari da cewa duniya ta ɗan fi kumbura a Ikwaita: kilomita 6,378 a can, 6,357 a ƙuryar arewa da ta kudu. Saɓanin da wannan ke kawowa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Sannan filin jirgi ba ɗigo ba ne. Babban titin saukar jirage na Kano kaɗai ya haura kilomita uku. Kowane fili yana da wurin da hukuma ta ayyana a matsayin cibiyarsa, kuma daga nan ya kamata a auna, amma wani shafin ƙofar shigar fasinja ya ɗauka.

Inda ya kamata ka tsaya ka duba shi ne idan saɓanin ya kai kilomita 20 ko 30. A nan akwai alamar an auna daga tsakiyar gari ne. A Kano wannan ba ya canza abu sosai domin filin yana cikin gari, amma filin Nnamdi Azikiwe na Abuja yana da nisan kusan kilomita 40 a mota daga tsakiyar birni.

Zan iya lissafa nisan da kaina?

Ƙwarai kuwa, muddin kana da wayar da kalkuletarta ke da maɓallin cos da na √. Abin da kake bukata shi ne latitud da lonjitud na filayen biyu, lonjitud kuwa shi ne ma'aunin nisan wuri zuwa gabas ko yamma. Na Kano: digiri 12.05 arewa, 8.52 gabas. Na Maiduguri: 11.86 arewa, 13.08 gabas.

Fara da arewa da kudu. Cire 11.86 daga 12.05, saura 0.19. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne a ko'ina a duniya, don haka 0.19 sau 111 ya ba da kilomita 21. Sai gabas da yamma: cire 8.52 daga 13.08, saura 4.56. A nan ne ake yin tuntuɓe, domin digirin lonjitud ba ya tsayawa a 111. Layukansa suna matsewa yayin da ake nisa da Ikwaita, har su haɗe a ƙuryar duniya. Sai ka ninka 111 da cos na latitud ɗin da ke tsakanin filayen, wato kusan digiri 12. Cos 12 ya ba da 0.978, digiri ɗaya a nan ya zama kilomita 108.6. Ninka shi da 4.56, ka sami 495.

Yanzu kana da gefe biyu na kusurwa uku. Ninka kowanne da kansa: 495 sau 495 ya ba da 245,025, 21 sau 21 ya ba da 441. Haɗa su, 245,466, danna √, ka sami 495 da ɗoriya. Kilomita ɗaya ce tsakaninka da abin da kwamfuta za ta ba ka. Ka tabbatar kalkuletar tana kan digiri, an rubuta DEG a samanta. Idan tana kan RAD, cos 12 zai ba ka 0.84, lissafin ya lalace.

Na bi wannan hanyar amma na sami kuskuren fiye da kilomita 20. Ina matsalar take?

Sau da yawa daga yadda aka karanta lambobin ne. Littattafan hukuma suna rubuta wuri da digiri da minti, misali lonjitud ɗin Kano 8°31′. Mutum sai ya kwafe shi a matsayin 8.31. To minti 31 ba 0.31 ba ne, sai an raba shi da 60, ya zama 0.52. Wannan ɗan bambancin na 0.21 ya kai kusan kilomita 23 a ƙasa.

Abu na biyu, a tabbatar filin da ake nufi aka ɗauko. Kowane fili yana da lamba iri biyu: mai harafi uku da ake bugawa a tikiti da takardar kaya, da mai harafi huɗu da matuƙa da hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage suke amfani da ita. Kano KAN ce kuma DNKN, Maiduguri MIU kuma DNMA, Abuja ABV kuma DNAA, Sakkwato SKO kuma DNSO. Harafi ɗaya ne tsakanin KAN da KAD, wato Kaduna, kuma tsakanin filayen biyu akwai kusan kilomita 200.

Wannan lissafin na hannu zai yi aiki a kowace tafiya?

A cikin Najeriya da Nijar zai yi. Gwada shi: Kano zuwa Abuja zai ba ka kimanin 364, Kano zuwa Sakkwato kimanin 373, Kano zuwa Damagaram ɗan ƙasa da 200. Har Kano zuwa Jidda, mai kimanin kilomita 3,420, kuskurensa bai wuce kilomita goma ba, saboda muna kusa da Ikwaita inda layukan ba su lanƙwashe sosai ba. Idan tafiyar ta nufi Turai ko Amurka ko gabashin Asiya, bar wa kwamfuta. Akwai Great Circle Mapper, inda za ka rubuta KAN-MIU kawai, akwai kuma abin auna nisa a cikin Google Maps da Google Earth.

Me ke hana jirgi bin layin miƙe?

Tun daga ƙasa ake fara kaucewa. Jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska, haka kuma yake sauka. Babban titin Kano ana kiransa 06/24, ma'ana bakinsa ɗaya yana kallon kusan digiri 60, tsakanin arewa da gabas, ɗayan yana kallon 240. Lokacin hunturu, da iska ke kaɗowa daga arewa maso gabas, mai zuwa Maiduguri ya yi sa'a: ya tashi ta 06, ɗan karkatawa dama kaɗan, ya kama hanya. Da damina, idan iska ta juyo daga kudu maso yamma, sai ya tashi ya ba Maiduguri baya tukuna, ya hau, sannan ya yi kwana. Haka a wurin sauka. Titin Maiduguri 05/23 ne, kuma idan ta 23 za a sauka, wanda ya fito daga yamma sai ya wuce filin, ya kewayo, ya miƙe daga nesa kafin ya taɓa ƙasa.

A sama kuma akwai hanyoyi, duk da ido ba ya ganinsu. An shata su daga wannan alama zuwa waccan, wasu alamomin na'urori ne da aka kafa a ƙasa, wasu kuma lambobi ne kawai a cikin kwamfutar jirgi masu suna mai harafi biyar. A Najeriya hukumar NAMA ce ke kula da su, a Nijar da Chadi kuma ASECNA. Akwai wuraren da aka keɓe wa sojoji waɗanda dole a kauce musu. Akwai hadari: matuƙi ba ya kutsawa cikin gajimaren tsawa, yakan roƙi izinin kauce masa da mil 20 ko fiye. Idan fili ya cika, ko hazo ya rufe shi, hasumiya tana iya cewa a yi ta shawagi har a sami sarari. Wani lokaci kuma akasin haka ke faruwa, sama ta zama fayau, mai kula da zirga-zirga ya ce a yanke kai tsaye.

Siyasa ma tana tanƙwara hanya. Da aka rufe sararin samaniyar Sudan a watan Afrilun 2023 saboda yaƙi, sannan Nijar ta rufe nata a watan Agustan wannan shekara bayan juyin mulki, jiragen da ke tsakanin Turai da Afirka sun riƙa yin dogon zagaye. Layin miƙe daga Kano zuwa Jidda ta saman Chadi da Sudan yake bi, don haka lambar 3,420 ba lallai ita ce tafiyar da alhazai suka yi ba.

To nawa zan ƙara a kan layin miƙe don in kusanci gaskiya?

Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, tana da ƙa'idar da take bi wajen lissafin hayaƙin da jirage ke fitarwa: tafiyar da ba ta kai kilomita 550 ba a ƙara mata 50, daga 550 zuwa 5,500 a ƙara 100, abin da ya haura haka a ƙara 125. A kan wannan, Kano zuwa Maiduguri za ta kama kusan 546. Ƙiyasi ne, amma ya nuna abu ɗaya: gajeriyar tafiya ita ta fi jin nauyin ƙarin. Kilomita 50 a kan Kano zuwa Damagaram rubu'in tafiyar ce gaba ɗaya.

Wanda yake son ainihin abin da wani jirgi ya ci a wata rana, sai ya buɗe Flightradar24 ko FlightAware ya duba sawun da ya bari. A kula dai, inda na'urorin da ke kama siginar jirage suka yi ƙaranci, shafin yakan cike giɓin da layin zato.

Tsayin da jirgi ya hau ba ya ƙara nisa?

Yana ƙarawa, amma abin bai taka kara ya karya ba. Jirgin da ke kilomita 10 a sama yana kewaya da'irar da ta fi ta ƙasa girma da kashi 10 cikin 6,371. A tafiyar kilomita 496, ƙarin bai cika kilomita ɗaya ba.

Inda tsayi ke da tasiri shi ne a na'urar DME, wadda ke gaya wa matuƙi nisansa da wata tasha a ƙasa. Ita a karkace take aunawa, daga jirgi zuwa tashar. Jirgin da ke ƙafa 30,000 daidai saman tashar zai ga ta rubuta kusan mil 5 na teku, alhali yana kanta. Ɗalibai sukan ruɗe da wannan a karon farko.

Idan na raba nisa da gudun jirgi, zan sami lokacin tafiya?

Ba za ka samu ba. Boeing 737 yana gudun kusan kilomita 830 a awa idan ya daidaita a sama, wanda a takarda zai ba ka minti 36. Amma a gajeriyar tafiya ɗan lokaci kaɗan yake yi a wannan gudun. Hawa yana cin kusan sulusin awa. Saukowa kuma ana fara ta tun daga nesa, domin matuƙa suna ware kusan mil uku na teku ga kowace ƙafa 1,000 da za a sauko. Daga ƙafa 30,000, mil 90 ke nan, kusan kilomita 167. Wato mai zuwa Maiduguri tun yana tsakanin setin Potiskum da na Damaturu zai ji ƙarar injin ta ragu, hancin jirgin ya ɗan sunkuya. Ƙasa da ƙafa 10,000 kuma galibi ba a wuce not 250.

Shi ya sa jirgi mai farfela irin ATR 72, mai gudun kusan kilomita 500 a awa, ba ya zama baya sosai a irin wannan hanya. A takarda ya kamata a ba shi ratar kusan minti 24, a aikace ratar takan ragu, ga shi kuma ya fi sauƙin shan mai.

Lokacin da ke kan tikiti kuwa wani abu ne daban. Ana ƙirga shi daga sanda jirgi ya motsa daga inda ya yi fakin har ya tsaya a wancan filin, da tafiyar ƙasa da jiran layi duk a ciki, kamfani kuma yakan ƙara 'yan mintoci na ko-ta-kwana. Kada a auna nisa da shi. Idan tafiyar ta ƙetare ƙasa a tuna da bambancin agogo: Najeriya, Nijar da Chadi lokacinsu ɗaya, Saudiyya tana gabansu da awa biyu.

Me ya sa zuwa da dawowa ba sa ɗaukar lokaci ɗaya?

Iska ce. Nisan ƙasa bai canza ba, amma jirgi a cikin iska yake iyo, ita kuma tafiya take yi. A ce jirgi yana gudun kilomita 800 a awa, iska mai gudun 80 tana tunkararsa: a ƙasa 720 yake ci, kilomita 496 ta ɗauke shi minti 41. Da ya juyo, iskar ta koma bayansa, 880 yake ci, minti 34. A yankinmu iskar can sama takan kaɗo daga gabas da damina, da rani kuma ta fi zuwa daga yamma, kuma ba dole ta dace da wadda ake ji a ƙasa ba. Ƙari a kan haka, masu zuwa gabas da masu zuwa yamma ba tsayi ɗaya ake ba su ba: na gabas suna bin lambobin mara irin su ƙafa 29,000 da 31,000, na yamma suna bin na cika irin su 28,000 da 30,000. Batun titin tashi da aka yi bayani a sama shi ma yana sa hannu.

Da nisan layin miƙe ake auna man da za a zuba wa jirgi?

A'a. Ana lissafa mai ne a kan hanyar da aka shigar a takardar shirin tafiya, da iskar ranar, da nauyin jirgin. A kan wannan sai a ɗora na tafiyar ƙasa, da ƙarin kusan kashi 5 cikin ɗari saboda abin da ka iya tasowa, da wanda zai kai jirgin wani filin idan an kasa sauka, da ajiyar ƙarshe ta shawagin minti 30 wadda ba a son a taɓa ta.

A arewa wannan filin na biyu shi ne babbar magana, saboda filayen sun yi wa juna nisa. Idan hazon hunturu ya rufe Maiduguri, mafita ita ce Yola, ko Gombe, ko a koma Kano, kowannensu ɗaruruwan kilomita. Saboda haka jirgin da zai yi tafiyar 496 yana iya ɗaukar man da zai kai shi ninkin haka. Wani lokaci kuma kamfani yakan cika tanki tun daga Abuja ko Legas don kada ya dogara da samun mai a ƙaramin fili.

Nisa ne ke yanke kuɗin tikiti?

Kaɗan ne nasa a ciki. Kuɗin sauka, na hasumiya, na ma'aikatan ƙasa da harajin fasinja kusan ɗaya ne ko tafiyar gajeriya ce ko doguwa, kuma tashi da hawa su suka fi shan mai. Abin da ya fi tasiri shi ne yawan masu neman kujera da yawan kamfanonin da ke bin hanyar.

Inda nisa ke aiki kai tsaye shi ne wasu dokoki da tsare-tsare. Dokar Tarayyar Turai ta biyan diyyar jinkiri ta kasa tafiye-tafiye a kan kilomita 1,500 da 3,500, kuma da babbar da'ira take aunawa. Tsare-tsaren tara maki da kamfanoni ke yi wa fasinjoji masu yawan tafiya da mil na tudu suke ƙirgawa, ko da yake da yawansu yanzu sun koma duba kuɗin da ka biya.

Idan babu jirgi kai tsaye, yaya zan lissafa?

Kowane zango da nasa lissafin, sannan a haɗa. Wannan ya shafe mu sosai, domin yawancin jiragen cikin gida daga Abuja da Legas suke fita su koma, ba kasafai ake haɗa biranen arewa da juna ba. Mai son zuwa Maiduguri daga Kano ta Abuja zai yi kimanin kilomita 364 zuwa kudu, sannan kimanin 710 zuwa arewa maso gabas, jimilla fiye da 1,070, wato ninki biyu da ɗoriya na 496. A ɗora wa kowane zango nasa ƙarin na tashi da sauka kamar yadda aka nuna a amsar ƙa'idar ICAO, 50 ga na farko, 100 ga na biyu, a kuma sa awannin zaman jira a Abuja kafin a kwatanta da tafiyar mota.